Wane daɓe ne zai jure ruwan sama idan kana ƙarin ɗaki?

Mai ƙara ɗaki a jikin gida yana shiga wani tsakani mai haɗari: an fasa bangon tsohon gini, sabon rufi bai gama haɗuwa da na da ba, tagogi babu gilashi, tamfol ne kaɗai ke tare sama. Hadari ya haɗo a wannan lokacin, daɓe ne zai fara ji a jikinsa. Saboda haka kafin ka duba launi ko ado, tambayi mai sayarwa abin da ke faruwa da daɓen idan ruwa ya kwana a kansa.

Laminet, wato allunan daɓe masu kama da katako, ya fi kowanne rauni a nan. Samansa na ƙyalli, amma cikinsa garin katako ne da aka matse da gam. Ruwa na bi ta mahaɗar allunan, gefuna su kumbura su ɗago, kuma ko sun bushe ba sa komawa yadda suke. Sai dai a cire a sa sabo. Wanda aka rubuta wa cewa yana jure ruwa ma, yawanci ana nufin ruwan da ya zube aka goge da wuri.

Katako na gaske yana shan ruwa, gefunan allo su tashi, tsakiya ta lotsa kamar kwalekwale. Sau da yawa ana iya ceto shi idan an bar shi ya bushe a hankali sannan aka goge da inji. Gaggawa ce ke ɓata shi: in aka goge yana da danshi, bayan ya bushe tsakiyar ce za ta yi tudu. Katakon da aka haɗa falle-falle ya fi tsayawa, sai dai fallen samansa siriri ne, ba ya ɗaukar guga da yawa.

Binil ya fi ruɗar masu saye. Shi kansa allon roba ne, ba ya kumbura, don haka ake tallarsa da cewa ruwa ba ya masa komai. Matsalar tana ƙarƙashinsa. Ruwan da ya shige ta gefen bango ba shi da mafita, yana nan kwance, kuma fumfuna na iya fara fitowa cikin awa 24 zuwa 48. Wanda aka manna da gam sai ya saki ya yi ƙululu. In binil kake so, ɗauki mai maƙalewa da juna, wanda za a iya ɗagawa, a busar da ƙasan, a mayar.

Ni dai inda ake fargabar ruwa, tayil nake zaɓa, musamman na fosilin, wato tayil mai tauri da aka gasa da wuta mai tsanani, wanda ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa ba. Seramik na yau da kullum ya fi shi sha, amma shi ma ba ya kumbura. Lokacin da tayil ke da rauni shi ne kwanan farko, kafin simintin mannawa ya kama. Ruwa ya sauka a lokacin, daga baya za ka ji wasu na ƙarar rami idan ka ƙwanƙwasa. Tarazo da gogaggen kankare su ma suna sahun masu jure ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne simintin da ke ƙarƙashi, don shi ake yawan mantawa. Kwana 28 da magina ke faɗa na ƙarfin kankare ne, bushewa kuwa daban. Lissafin da aka saba da shi a daɓen yashi da siminti shi ne milimita ɗaya a kowace rana har zuwa kaurin milimita 40, abin da ya haura kuma kwana biyu kowace milimita. Wato mai kaurin milimita 50 na neman wajen kwana 60, kuma idan ruwan sama ya sake jiƙa shi, lissafin ya koma baya. Saman na iya yin fari fat alhali ciki jiƙe yake. Don ka gwada, ka manna leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe a ƙasa, ka liƙe gefunanta, ka bar ta aƙalla awa 16. In ta yi gumi ko wurin ya yi duhu, akwai sauran danshi. Rashin gumi kuma bai isa hujja ba, don haka a sa na'urar auna danshi kafin a shimfiɗa binil ko katako.

Kafin ka biya kuɗin kaya, ku rubuta da ɗan kwangila cewa ba za a shimfiɗa daɓe ba sai an gama rufi, an toshe mahaɗar sabon gini da tsoho, an sa indararo, tagogi da ƙofofi. Ku kuma rubuta wanda zai ɗauki asara idan ruwa ya shigo. Karanta takardar garanti, domin yawancinsu ba sa ɗaukar ɓarnar yoyo ko shimfiɗawa a kan ƙasa mai danshi. Idan gidan na da inshora, sanar da kamfanin kafin a fasa bango. Kwalayen laminet da katako kuwa a ajiye su kwance a ɗakin da ba ya yoyo, a kan wani abu da ya ɗaga su daga ƙasa.