Tayi a birij: na gargajiya ko irin su Precision?

Ɗan'uwa ka tambaya tunda kun fara koyon birij, wasan karta na mutum huɗu biyu-biyu, a fadarku nan Maradi, wane tsarin tayi, wato faɗin ɗauka nawa za ku yi da kalar da za ta zama atu kafin a fara jefa karta, ya fi, na gargajiya wanda in mutum ya ce pik to pik ɗin gare shi, ko na alama irin su Precision da ake faɗin wani abu ana nufin wani. Ni dai na ce ka fara da na gargajiya, amma bari in baje maka su ka gani da kanka.

Lissafin maki duk ɗaya ne a wajensu, as 4, sarki 3, dam 2, bale 1, karta gaba ɗaya maki 40. A na gargajiya, misali na Faransa da ya fi sauƙin samu gare mu saboda littattafansa da faransanci suke, in ka buɗe da 1♠ (pik) ko 1♥ (ker) kana da aƙalla guda biyar na wannan kalar, 1 sanzatu, wato ba atu, kuma maki 15 zuwa 17 ne da hannu daidaitacce, wanda kalolinsa suka rabu kusan daidai. Na Amurka ma kusan haka yake. Na Ingila da ake kira Acol, wanda ya fito daga Landan wajen shekarun 1930, shi guda huɗu sun isa kuma sanzatunsu 12 zuwa 14 ne. Wanda ya saba da belot ba zai sha wuya ba nan, abin da ke hannunka shi kake faɗi.

Precision kuwa 1♣ ba ruwanta da tirefil, ko guda babu a hannunka za ka iya faɗinta, ma'anarta kawai ina da maki 16 ko fiye, abokinka in ya amsa 1♦ shi ma ba karo yake nufi ba, cewa yake makina bai wuce 7 ba. C. C. Wei ne ya tsara shi, kuma 'yan wasan Taiwan da ba wanda ya sa su a lissafi suka zo na biyu da shi a gasar duniya ta Bermuda Bowl a 1969, suka sake a 1970, daga nan ne duniya ta waiwayo. Amma dabarar tirefil mai ƙarfi ta girme shi nesa, Harold Vanderbilt wanda ya kawo lissafin sakamakon wasan birij na yanzu a 1925 yana da tasa, sannan 'yan Italiya na Blue Team, su Belladonna da Garozzo da Forquet, da tsare-tsaren alama suka ci Bermuda Bowl sau 13 tsakanin 1957 da 1975.

To inda mutane ke kuskure, suna zaton daɗin Precision a 1♣ ɗin yake. Ni a ganina ribar tana wajen sauran tayin ne. Ɗauki wanga hannu: ♠KQJ74 ♥A83 ♦K62 ♣95, maki 13. Duka tsarin biyu 1♠ za ka buɗe. Amma a na Faransa abokinka bai san ko 12 gare ka ko 20 ba, in shi ma yana da 13 da pik uku dole ya bi a hankali yana lalube ko akwai shilem, wato ɗauka 12 cikin 13, kuma duk wannan laluben abokan hamayya na zaune suna saurare suna ƙirga. A Precision tunda ba ka ce 1♣ ba ya riga ya san ba ka wuce 15 ba, sai ya ce 4♠ kai tsaye a rufe magana, abokin hamayyar da zai fara jefa karta bai san komi ba. Kuma irin wannan hannun na 11 zuwa 15 shi ke zuwa kullum, mai 16 da sama jefi-jefi ne.

Matsalarsa kuma a 1♣ ɗin take. Ka buɗe da ita da hannu mai kyau, ker shida gare ka, ba ka faɗi kalarka ba tukuna, na hagunka ya san haka sai ya yi tsalle ya ce 3♠ da 'yan makinsa don kawai ya cinye muku fili, yanzu sai a hawa na huɗu za ka fara nuna ker ɗinka. Da na gargajiya ne tuni ka ce 1♥ abokinka ya ji. Ƙwararru da gangan suke wannan shisshigin in suka ji tirefil mai ƙarfi. Ga kuma 1♦ ɗin Precision da ta zama kwandon shara, duk hannun da bai samu gurbi ba nan ake jefa shi, wani lokaci da karo biyu kacal.

Sai maganar hadda, wadda ita ce ta sa na ce ka dakata. Tsarin alama ba ya yafiya, in ɗayanku ya manta ma'anar tayi ɗaya kuna iya ƙarewa da atu a kalar da ba ku da ita. Meckstroth da Rodwell na Amurka sun ci gasar duniya da nasu Precision ɗin, amma shekaru da shekaru suka yi suna wasa tare su biyu. Kai kuma yau da wane gobe da wane, ko ka hau Bridge Base Online, shafin wasan birij na intanet, da salula rezo na ɗaukewa a haɗa ka da baƙon da ba ka taɓa gani ba, wa zai san 2♦ ɗinka na nufin karo ne ba ka da shi?

Kar kuma ka ɗauka na gargajiya babu alama a ciki. Stayman, wato 2♣ bayan 1 sanzatu, tambaya ce ko kana da ker ko pik huɗu, Blackwood kuma 4 sanzatu tambayar as nawa gare ka, kowa na amfani da su. Kuma ba a yarda da sirri ba ko kaɗan, yawancin tayin alama sai an faɗakar da abokan hamayya, in sun tambaya a yi musu bayani cikakke, har hukumar birij ta duniya ta raba tsare-tsare da launi, kore na gargajiya, shuɗi na tirefil mai ƙarfi, ja na alama, rawaya kuma na waɗanda suka yi nisa da yawa da ba kowace gasa ake barinsu ba.

Ku riƙe na Faransa da Stayman da Blackwood tukuna. In ka samu mutum ɗaya da kuke zama tare kullum kuma ba ya ƙyuyar karatu, sai ku gwada Precision, ku fara da zama ku yanke abin da za ku yi in an yi muku tsalle bisa 1♣.