Gargaɗi ga iyaye a Makka da Jidda: babu maganin ɗigawa da ke narkar da yanar idon jariri

Jama'a, a yi hattara da masu tallar ruwan ɗigawa da kwalli a zaurukan WhatsApp da TikTok, wai suna cire yanar ido ga jarirai ba tare da tiyata ba. Ƙaramar kwalba ce ba suna, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa. Za a ce an haɗa da zuma da Zamzam da ismid (wani nau'in kwalli), a ɗiga kwana 40, a turo ɗaruruwan riyal kafin a kawo. Sun fi farautar 'yan uwanmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, don sun san tsoron asibiti da ke ransu.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, wanda likitocin nan ke kira adasa, shi ke tattara haske. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Wani yaron ana haifarsa da madubin nan a gurɓace, ita ce yanar ido, abin da Larabawa ke cewa moya baida. Kan zo ta gado, ko ƙyandar Jamus da ta kama uwa a watanni 3 na farkon ciki, ko tare da lalurar Down, sau da yawa kuma a rasa dalili. Kamar farin ƙwai ne da ya dahu, babu ruwan da zai mayar da shi ɗanye.

Kuɗin da suke karɓa ma mai sauƙi ne. Lokaci suke cinye wa yaro. Ƙwaƙwalwar jariri a makonnin farko take koyon gani, idon da haske bai shiga ba kuwa sai ta yi watsi da shi. Shi ya sa idan yanar ta yi kauri a ido ɗaya ake son a yi aiki kafin yaro ya wuce mako 6, idan idanu biyu ne kafin mako 8 zuwa 10. Ku lissafa kwana 40 ɗin nan ku gani. In aka makara, ko an cire yanar tsaf, ganin ba ya dawowa yadda ya kamata, idanun kuma su fara rawa.

Hoton "kafin da bayan" da suke yaɗawa fa? Na farko da filasha aka ɗauka, na biyu babu. Wasu kuma suna zuba maganin buɗe baƙin ido a kwalbar, haske ya ɗan kewaya gefen yanar, uwa ta ga yaro yana bin fitila ta ce Alhamdulillahi, alhali yanar tana nan daram. In akwai sinadarin sitiroid a ciki, yana iya jawo hawan jinin ido. Kwallin da ba a tantance ba kuma sau da yawa da dalma a cikinsa, guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ido ya yi ja yana ruwa, a kira su, su ce cuta ce ke fita. Ƙarya ce.

Wani abin da ya fi tayar da hankali: ba kowane fari a tsakiyar ido ne yanar ido ba. Sankarar bayan ido ta yara ma haka take bayyana, ita kuwa kisa take yi in an bar ta.

Da kun ga fari a baƙin idon jariri, ko ido ɗaya ya haska fari a hoto ɗayan ja, ko yaro ya yi wata 2 ba ya kallon fuskar mahaifiyarsa, ku kai shi wurin likitan ido na yara a makon nan. Zai haska ya duba ko jan haske na dawowa daga cikin idon. Ƙaramar yana wadda ba ta tare gani ba akan bar ta a sa ido. Mai kauri cirewa ake yi, sannan tabarau ko gilashin da ake liƙawa a ido, a riƙa rufe lafiyayyen idon wasu awoyi kullum don mai raunin ya koyi aiki, da awon ƙarfin ruwan ido na tsawon shekaru.

Wanda ya riga ya saya, ya daina ɗigawa yau, ya tafi da kwalbar wurin likita. Lambar wayar neman shawarar Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ita ce 937, ta kai ƙarar kwalbar ga hukumar abinci da magunguna kuma 19999.