Gargaɗi ga masu koyon nutso a Bahar Maliya: ku kula da mai tallan kyamarar cikin ruwa a rabin farashi

Jama'a, musamman 'yan uwa ɗalibai da ke Misira masu sauka Dahab da Hurgada lokacin hutu don koyon nutso, akwai wani ɗan damfara da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp yana tallan kyamarar cikin ruwa ta hannu. Yana haɗa ta da kwansonta, wato akwatin da ake saka ta a ciki don kada ruwa ya shige ta, da fitila da memori, duka a kusan rabin farashi. Labarinsa ɗaya ne kullum, wai shi malamin nutso ne, zai bar ƙasar cikin sati, kaya sun yi masa yawa. Sunansa da lambar wayarsa suna canzawa, amma hotunan kayan su ne dai waɗannan.

Wasu yakan karɓi kafin alƙalami a hannunsu ya toshe lambarsu, shi ke nan. Wannan tsohuwar hanya ce, kowa ya san ta. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta biyun, inda yake kawo kayan da gaske, ka kunna kyamara ta kama, ka biya, ku rabu kana ta godiya.

Na riƙe da hannuna kyamarar da wani ƙanenmu ya saya a wurinsa. Daga waje fes take, ko ƙwarzane babu. Da muka buɗe murfin batir sai ga wani farin gari mai ratsin kore ya kama ƙarafan da batir ke taɓawa, ga gishiri ya bushe a lungun marfin. Zoben robar da ke hana ruwa shiga kwanso kuwa ya tsage a gefe, an shafe shi da mai har yana naso don kada a gani. Wannan kyamara ruwan teku ya taɓa shigarta, aka ɗauraye ta, aka shanya. Irin wannan takan yi aiki na ɗan lokaci, amma gishiri yana nan yana cin kayan cikinta a hankali, ranar da za ta mutu kuma mai sayarwa ya daɗe da ɓacewa. Kuɗin da yaron ya yi ta tarawa daga abin da ake turo masa daga gida, haka suka tafi.

Ƙaryarsa mafi girma tana kan zurfi. Yakan rubuta cewa kyamarar tana jure ruwa har mita 60. To ku sani, yawancin kyamarorin GoPro idan babu kwanso iyakarsu mita 10 ne, mita 60 ɗin sai da kwanson kamfanin na asali. Kyamarar Olympus TG-6 ita kaɗai mita 15 take kaiwa, kwansonta mai suna PT-059 shi ne ke kai ta mita 45. Wanda ya karɓi shaidar farko ta PADI kuwa, wato ƙungiyar da ke horar da masu nutso, an yarje masa ya sauka har mita 18, wato tun a nutsonsa na farko zai iya wuce ƙarfin kyamarorin nan biyu idan tsirara suke. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Shi ya sa duk maganar tana kan kwanso, kuma kwanson da wannan mutumin ke bayarwa ba shi da sunan kamfani, babu rubutun zurfi a jikinsa, robar ma da ka matsa ta da yatsa sai ta lotsa.

Abin bai tsaya a asarar kuɗi ba. Sabon mai nutso idan ya hangi ruwa yana taruwa a cikin kwanso, zuciyarsa ce masa take ya yi sama da gudu ya ceci kyamara. Ga shi abin da aka fi jaddada mana a horo shi ne a hau a hankali, a tsaya minti 3 a zurfin mita 5. Tashi da gaggawa yana iya yi wa huhu lahani ko ya kai mutum asibiti. Wallahi babu kyamarar da ta kai wannan.

Fitilar da yake haɗawa ma ba abin kirki ba ce. Jan launi yana fara ɓacewa tun daga wajen mita 5, don haka ana buƙatar haske mai kyau, tasa kuwa ko cikin ɗaki da ƙyar take haskawa.

Don Allah kada ku tura wa kowa ko sisi kafin ku riƙe kaya. Ku ce a haɗu a cibiyar da kuke koyon nutso, a gaban malaminku. A buɗe murfin batir da ramin caja a duba da tocila. A zare zoben roba a ja shi a hankali tsakanin yatsu, tsaga ko ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta shigar da ruwa. A gwada lambar da ke jikin kyamara da ta kwali da ta rasit. Sannan a cire kyamarar, a cusa takardar tishu a cikin kwanso, a rufe, malaminku ya sauka da shi zurfin da kuke zuwa ya danna kowane maɓalli. Idan tishu ya fito da laima ko kaɗan, ciniki ya mutu. Wannan mutumin da an kawo masa maganar gwaji sai ya ce jirginsa gobe ne, akwai wani mai saye yana jira.

Wanda bai gama saba da daidaita jikinsa a cikin ruwa ba, shawarata ya yi haya tukuna, cibiyoyi da yawa a Dahab suna bayar da hayar kyamara. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, ya adana hirarsu da shaidar tura kuɗi, ya kai wa 'yan sandan yawon buɗe ido, ya kuma sanar da shugabannin zauren da ya ga tallan don su cire shi.