EB-2 ko EB-3: wanne ya fi wa mai neman zama a Amurka?

Dukansu hanyoyi ne na samun katin zama na dindindin (green card) ta dalilin aiki. EB-3 ya fi sauƙin sharaɗi: digirin farko, ko ƙwarewar shekara 2 a sana'a. Sai dai wuyanka na hannun kamfani, shi zai nemo takardar PERM daga Ma'aikatar Ƙwadago, ya nuna ya nemi ɗan ƙasa mai cancanta bai samu ba.

EB-2 kuwa sai da digiri na biyu, ko na farko da shekara 5 a bakin aiki, ko ƙwarewa ta musamman a kimiyya, fasaha ko kasuwanci. Shi ma yakan bi ta PERM, amma ni shi na fi so saboda ƙofar NIW, wato a yafe maka sharaɗin kamfani da PERM don amfanin ƙasa: injiniya ko mai bincike zai cike fom I-140 da kansa, ba ubangida, muddin ya gamsar da hukumar shige da fice cewa aikinsa zai amfani Amurka. Tara hujjojin kam sai an sha wuya.