Tsohon Doctor Who ko sabo: daga ina mutum zai kama?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tallan Doctor Who har ka gaji, da ka je za ka fara kallo sai ka tarar kamar shiri biyu ne da suna ɗaya: tsoho da ya faro a 1963 ya tsaya a 1989, da sabo da ya dawo a 2005, kuma masoyan kowanne suna rantse maka cewa nasu ne na ainihi. Kana so ka san wanne ya fi, kuma daga ina za ka soma. Shawarata ita ce ka fara da na 2005. Amma zuciyata tana wajen tsohon, kuma zan faɗa maka dalilin duka biyun.

Labari ɗaya ne, na 2005 ci gaba ya yi daga inda aka ajiye. Jarumin, wanda ake kira Dakta, baƙo ne daga duniyar Gallifrey, yana da zuciya biyu, yana yawo cikin zamunna da duniyoyi a wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje ɗan akwatin 'yan sandan Birtaniya ne mai shuɗin fenti, amma cikinsa fili ne makeke. BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin kashe Shugaba Kennedy na Amurka. Abin da ya ba shi tsawon rai wata dabara ce da larura ta haifar. A 1966 rashin lafiya ya hana William Hartnell, Dakta na farko, ci gaba da aiki, sai marubuta suka ce ai irin mutanen su Dakta idan jikinsu ya gaji rikiɗa suke yi, su sake kama da hali, amma mutumin yana nan. Patrick Troughton ya karɓa. Mu da muka san ƙurar da ke tashi idan an canza jaruma a shiri mai dogon zango, mun san darajar wannan dabara: sun mayar da canjin jarumi wani ɓangare na labarin, har ya zama abin da ake ɗokin gani.

Bambanci na farko da za ka ji a jikinka shi ne sauri. Tsohon galibi minti 25 ne kowace fitowa, labari ɗaya yana ɗaukar fitowa 4 ko 6, ana yanke kowacce daidai inda ran mutum ya rataya, sai mako mai zuwa. An tsara shi ne don a kalla sau ɗaya a mako da yammacin Asabar. Idan ka jera fitowa shida a zama ɗaya, za ka ga ɗinkin: a kama Dakta, ya tsere, a sake kama shi, a yi ta gudu a lungu ɗaya. Sabon kuwa kusan minti 45 ne, yawanci a fara labari a gama shi a daren. Masoyan sabon suna cewa tsohon jan ƙafa gare shi, kuma a labarai da yawa gaskiyarsu ne. Masoyan tsohon su ce sabon ba ya barin labari ya nuna, a gina tashin hankali na minti 40 sannan a warware shi da wata ƙaramar na'ura mai ƙara da Dakta ke nuna wa ƙofa ta buɗe. Su ma gaskiyarsu ne. Abin da nake so a tsohon shi ne kana samun lokacin sanin mutanen wurin da aka sauka: maigadi, injiniya, matar da ke tsoron mijinta ba zai dawo ba. Idan dodo ya kashe ɗayansu a fitowa ta 4, kana jin zafin abin.

Ta fuskar ido babu gardama. An yi tsohon da ɗan kuɗi kaɗan, yawanci a ɗakin ɗaukar hoto, ba shi da launi sai daga 1970, kuma ba a cika sake ɗauka ba ko da jarumi ya yi tuntuɓen harshe. Za ka ga dodon roba ka gane roba ce. Sabon a Cardiff ta yankin Wales ake yin sa, da aikin kwamfuta da kiɗan cikakkiyar ƙungiyar makaɗa daga Murray Gold. Sai dai ka saurari taken buɗe shirin na 1963, wanda Ron Grainer ya rubuta, Delia Derbyshire kuma ta haɗa shi da hannu, tana yanka zaren rikoda tana liƙawa sauti bayan sauti. Ni har yau babu sabon salo na taken da yake tayar mini da tsigar jiki kamar nata.

Inda masoya suka fi rabuwa shi ne kan wane ne Dakta a wajen masu raka shi. A farkon shirin dattijo ne mai saurin fushi, yana tafe da jikarsa Susan da malaman makarantarta biyu, kuma niyyar BBC a lokacin har da koyar da yara tarihi da kimiyya, shi ya sa aka kai su zamanin Marco Polo da na mutanen Aztec. Ko da aka zo kan Jon Pertwee da Tom Baker, Dakta na uku da na huɗu, matsayinsa na kawu ne ko malami. Ba ka cika sanin iyayen abokiyar tafiyarsa ba, ranar da za ta tafi a yi sallama a wuce. Russell T Davies da ya dawo da shirin ranar 26 ga Maris 2005 ya juya abin. Ta idon Rose muka shiga, yarinya mai aiki a kanti a Landan, tana da uwa mai faɗa da saurayi, kuma da Dakta ya mayar da ita gida a makare da shekara guda, sai ga uwar ta manne hotunanta a bango tana cigiya. Tsohon bai cika tsayawa ya tambayi halin da waɗanda aka bari a gida suke ciki ba. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na musu. Abin da ban so ba shi ne soyayyar da aka shigar tsakanin Dakta da Rose a zamanin David Tennant. Miliyoyi sun yi kuka a rabuwarsu, na sani, amma a wajena ta rage masa baƙuntarsa, ta mayar da mai shekaru ɗaruruwa saurayin unguwa. Kuma tunda na san da yara a gidanka, sabon yana da sumbace-sumbace da sha'anin soyayya irin na Turawa da babu su sosai a tsohon, ka riƙa duba fitowa kafin ka zaunar da su.

Shi ma tsohon yana da nasa tabon. A The Talons of Weng-Chiang na 1977, wanda masoya da yawa ke sakawa cikin fitattu, Bature aka yi wa kwalliya ya fito a ɗan ƙasar Sin, kuma yadda aka nuna mutanen Sin ɗin ba abin karewa ba ne. Kafin mace ta zama Dakta sai 2017 da aka sanar da Jodie Whittaker, kafin baƙar fata ya ja ragamar shirin kuwa sai Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Scotland, a ƙarshen 2023.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka kalla da kanka. A Genesis of the Daleks na 1975, an tura Dakta, wato Tom Baker mai dogon mayafin wuya, zuwa lokacin da ake ƙirƙirar Dalek, waɗannan halittu masu zama cikin sulken ƙarfe da ba su san komai ba sai kisa. Ya dasa nakiya a ɗakin da ake rainon su. Ga wayoyi biyu a hannunsa, da ya haɗa bakinsu shi ke nan. Sai ya tsaya. Abokiyar tafiyarsa Sarah Jane tana ce masa ya haɗa, shi kuwa yana tambayar kansa ko yana da hurumin shafe jinsi guda saboda abin da za su aikata nan gaba. Babu wani abin burgewa a wurin, mutum ne a lungu da guntun waya. Sabon ya ɗauki wannan tambaya ya gina zango bakwai a kanta: Daktan Christopher Eccleston, wanda aka dawo da shirin da shi a 2005, ya zo ne da nauyin cewa ya riga ya haɗa wayoyin, ya hallaka Dalek da mutanensa gaba ɗaya don ya kawo ƙarshen yaƙi, kuma ba a warware ƙullin ba sai a fitowar cika shekara 50 a 2013, wadda aka nuna lokaci guda a ƙasashe 94. Wanda ya kalli ɗaya kawai rabin zancen ya ji.

Game da ra'ayin masoya kuwa, ka riƙe shi da hannu biyu amma kada ka haɗiye. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, yawancin mutane Daktan da suka fara gani suna yara shi ne gwaninsu. A ƙuri'ar da mujallar Doctor Who Magazine ta yi a 2009 kan labarai 200, The Caves of Androzani na 1984 ne ya zo na ɗaya, wanda kuma ya biyo shi kai tsaye a talabijin, The Twin Dilemma, shi ne ya zo na 200. Masu shiri ɗaya, wata ɗaya. To wane "tsoho" ake nufi idan an ce ya fi? Haka sabon yake. Masu son Davies suna cewa Steven Moffat, wanda ya gaje shi a jagorancin shirin, ya cika ƙulle-ƙulle har mutum ya ɓace, masu son Moffat su ce Davies ya cika hawaye da hayaniya. Da Chris Chibnall, magajin Moffat, ya sauya asalin Dakta a The Timeless Children na 2020, gida ya rabu biyu har yau. Ni ina ganin Whittaker ta fi rubutun da aka ba ta, kamar yadda Colin Baker, Dakta na shida, ya fi wanda aka ba shi a shekarun 1980.

Babban abin da ya koya mini hattara da ra'ayin gado a Jos ya faru. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge zaren da ta ɗauki shirye-shirye don ta sake amfani da shi, domin yana da tsada kuma ba wanda ya yi tunanin za a sake neman su. Abin da ya tsira yawanci kwafin fim ne da aka sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, ciki har da Najeriya, ana miƙa su daga wannan tasha zuwa waccan. A 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. An samu fitowa 9 da aka fid da rai da su, 5 na The Enemy of the World da 4 na The Web of Fear, duka na zamanin Troughton, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Kafin nan, fitowa ta 3 kaɗai ake da ita daga The Enemy of the World, wadda yawancinta hira ce a lungu da ɗakin girki, shi ya sa shekara da shekaru masoya suke gaya wa juna cewa labarin lami ne, ba dodo, ba armashi. Da gwangwanin Jos ya buɗe, sai ga fitowar farko ta soma da Troughton ya tuɓe ya faɗa teku yana wasa da ruwa kamar yaro, 'yan bindiga suna bin sa a bakin gaɓa, jirgi mai saukar ungulu ya sauko ya ɗauke su. Sai ga shi yana taka mutum biyu, Dakta da wani mayaudarin ɗan siyasa mai suna Salamander da suke kama kamar an tsaga kara, har da wuraren da yake taka ɗaya yana kwaikwayon ɗayan. Gani ya kori ji. Labarin da aka raina ya koma cikin waɗanda ake alfahari da su, ba don ya canza ba, don an gan shi. Ranar da na fara kallonsa na yi ta tunanin cewa wannan hoton ya yi shekaru kusan arba'in a kan kanta cikin sanyin Filato, mutane suna wuce shi safe da yamma.

To ga yadda zan so ka bi. Idan kana so ka ɗanɗana tukuna, kalli Blink na 2007, labarin mutum-mutumin dutse masu fukafukai da ba sa motsi sai ka ƙifta ido. Da na nuna wa ɗan yayata, sai da na juya na ga hawaye na zuba masa, ba na kuka ba, ya ƙi ƙifta idon ne tun da aka faɗi ƙa'idar. Idan ya yi maka, koma kan Rose, fitowar farko ta 2005, ka yi haƙuri da 'yan fitowar farko da ke da wasan yara, ka kai Dalek da The Empty Child kafin ka yanke hukunci. Bayan zango biyu ko uku, idan Dakta ya riga ya shiga ranka, sai ka waiwayi tsohon, amma kada ka ce sai ka bi shi daga 1963 a jere. Fara da City of Death na 1979 da aka ɗauka a Faris, fitowa 4 ce kuma tana da ban dariya mai kaifi, sannan Genesis of the Daleks, fitowa ɗaya ko biyu a dare. Can gaba a sabon za ka tarar da The Story & the Engine na 2025, labarin da ke faruwa a shagon aski a Legas, wanda Inua Ellams ya rubuta, haifaffen Jos.

Idan ka zo kan The Web of Fear za ka ga fitowa ta 3 babu ita, ba ta cikin waɗanda suka koma Landan, kuma a cikinta ne sojan nan Lethbridge-Stewart, wanda ya zama babban aminin Dakta, ya fara bayyana. Sautinta dai yana nan, domin a daren da aka nuna ta a 1968 akwai masoya a Ingila da suka naɗe shi da rikoda daga talabijin ɗinsu. Da wannan sauti aka haɗa hotuna, daga baya aka yi zane mai motsi, don kada labarin ya yanke a tsakiya. Kada ka tsallake ta.