Wajen meditashan na Ikeja: ajin murya ko ajin shiru, wanne ya cancanci kuɗinka?

Tunda ƴan uwa sun ishe ni da tambaya a kan wajen meditashan ɗin nan da nake zuwa a Ikeja, wato inda ake koyon zama a natsu a tattara hankali waje ɗaya, bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya in huta. Ba zan kama sunan wajen ba, kar a ce kuɗin talla na karɓa, kuma akwai abubuwan da zan kushe. Ni dai a ganina ajin da ake maka jagora da murya ya ci kuɗinsa ga sabon shiga, amma na shirun, in har ka iya shi, ban ga dalilin da zai sa ka ci gaba da biyan wani kuɗi don kawai ka zauna ka yi shiru ba.

Wajen a saman bene yake, ɗaki ɗaya mai faɗi da kafet da ƴan matasan zama, ga esi, takalmi a bakin ƙofa, waya a kashe. Aji iri biyu suke yi. A na farko wata madam Bayarabiya ce take zama a gaba tana magana a hankali da Turanci, wani lokacin ta sirka da burokin, ta ce ka lura da numfashinka yadda yake shiga yake fita, ka kai hankalinka tafin ƙafa, ka hau gwiwa, ciki, kafaɗa, har ka ƙure a ka. A na biyu kuwa ƴar ƙararrawa ake kaɗawa a farko, a sake kaɗawa a ƙarshe, abin da ke tsakani kai da halinka.

Rashin barci ne ya kai ni. Duk wanda yake fitowa daga Agege da sassafe ya yini a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, yana ja-in-ja da kwastoma a kan kuɗin sikirin, ya dawo ya sha gosulo, ya san yadda kai yake ci gaba da lissafi ko da jiki ya kwanta.

To ajin murya kam gaskiya matar ta iya aikinta. Abin da na fi so a wajenta shi ne ba ta taɓa cewa ka daina tunani ba, don ba mai iyawa, cewa take hankali zai gudu, aikinka kawai ka gane ya gudu ka dawo da shi kan numfashi ba tare da ka zagi kanka ba. Kuma haka ne wallahi, kana zaune ido a rufe sai ka tsinci kanka kana lissafin bashin da wani yaro ya ci maka tun kafin sallah, har ka fara tsara maganar da za ka gaya masa gobe, sai kawai ka ji muryarta ta ce mu dawo kan numfashi, ka dawo. Ga wanda bai taɓa yi ba wannan muryar ita ce komai, in babu ita minti goma ma sai ka ji kamar an ɗaure ka. Ta kuma koya mana jan numfashi a hankali a sake shi ya fi tsawon yadda aka ja, wannan kam a take kake jin bugun zuciya ya lafa, ni har a cikin danfo, motar hayar Legas, nake yinsa.

Amma matsalar murya ita ce ita take maka aikin. Kamar koyon mota ne da malamin tuƙi a gefe ƙafarsa na kan birki, kana ganin ka iya, ranar da ya sauka za ka san gaskiya. Bayan wani lokaci na lura jiranta kawai nake yi ta dawo da ni, ni ban dawo da kaina ba. Sannan wata rana surutun yana yawa, da zarar ka fara natsuwa sai ta sako wata maganar, ka yi tunanin kana bakin teku, iska na kaɗa ka, haba madam, mu da muke Legas wane teku ne ba mu gani ba. Ga wani kiɗan sarewa da suke sawa ƙasa-ƙasa, shi ma ni bai min ba, kuma rabin ajin gyangyaɗi yake sa su, har minshari na taɓa ji daga bayana.

Ajin shiru kuma, kar sunan ya ruɗe ka, babu shiru a Ikeja. In an ɗauke wuta janareton ginin yana ƙasan taga, ga hon, ga kwandasta yana kiran Oshodi, ga lasifikar mai tallan magani. Da farko haushi na riƙa ji, na ce kuɗi na biya in saurari janareto? Daga baya na gane ai nan ne darasin yake. Ƙarar tana nan, kana jinta, ba ka bi ta ba, hankali ya gudu kai da kanka ka kamo shi, ya sake gudu ka sake kamowa, ba mai tuna maka. Ya fi wahala nesa ba kusa ba, wata rana ka tashi kana jin ba ka yi komai ba sai faɗa da tunani, amma shi ne wanda ya bi ni har gida, don ƙarfe biyun dare in na farka ba madam ba sarewa, abin da na koya a shirun ne yake min amfani.

Kuma ba masu wajen ne suka ƙirƙiro haɗa biyun ba. Tsarin da asibitoci da yawa a Turai da Amurka suke bi, wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, na mako 8 ne, ana ba mutum sautin murya ya riƙa bi a gida kusan minti 45 kullum, sai can wajen mako na shida a ware yini guda na shiru. Wato murya tukuna, shiru daga baya. Abin da ya ɓata min rai da wajen nan shi ne su ba sa gaya maka haka, an bar ka ka zaɓa da ka, kuma ajin murya suke ta tura mutane don shi ya fi tsada. Ajin shirun ma ba wanda yake tsayawa bayan an tashi ya tambaye ka ya ka ji, a kaɗa ƙararrawa kowa ya ɗau takalminsa.

Na san wasu za su ce ya batun addini. Asalin abin daga mabiya addinin Buddha ya fito, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma a ajin da na zauna ba gunki ba wata kalma da ake maimaitawa, numfashi ne da jiki kawai, da na ga wani abu daban da tuni na kama gabana. Ni ban ɗauke shi ibada ba, bai kuma maye min gurbin zikiri ko sallah ba, sai ma na ga hankalina ya rage yawo a cikin sallar. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa. Maza da mata kuma ɗaki ɗaya ake zama duk da akwai tazara, ƴan uwa mata su san da wannan.

In kuɗi ne matsala, waya ma ta isa. Manhajojin waya irin su Headspace da Calm sun fi ƙarfi a ɓangaren murya kuma yawancin abin cikinsu na biya ne, Insight Timer kuma tana da agogo mai ƙararrawa kyauta, ka saita minti goma ka ajiye wayar, shi ke nan ka samu ajin shiru a ɗakinka. Sai dai mai fama da matsananciyar damuwa ko wanda wani mummunan abu ya taɓa samu yana dawo masa a rai, kar ya faɗa dogon shiru shi kaɗai, ya ga likita tukuna, mai hawan jini kuma kar ya ajiye maganinsa wai ya fara meditashan.

In za ka je, ka biya na wata ɗaya a ajin murya, ka ɗan leƙa na shirun kafin watan ya ƙare, sai ka koma yi a gida. Ka nemi na safiyar Asabar, don na yamma yana cin magariba, kuma ba su da wajen alwala sai wani ɗan bayi ɗaya da ake layi, gara ka taho da alwalarka.