Wace Kyamara Ya Kamata Sabon Mai Ɗaukar Hoto A Kebbi Ya Saya?

Matashin da ya tara ɗan jari a Birnin Kebbi, Jega ko Yauri yana son shiga sana'ar ɗaukar hoton biki da suna, abu na farko da zai tarar shi ne kyamarori sun kasu gida biyu. Akwai mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR, akwai kuma marar madubi, wadda ita ce yayin yau. Tun daga 2018, lokacin da Canon ta fitar da EOS R, Nikon kuma ta fitar da Z6 da Z7, manyan kamfanonin suka karkata ga marar madubi, har ma sababbin masu madubi suka yi ƙaranci. Wannan sauyi ya amfani mai ƙaramin ƙarfi, domin ƙwararru a Turai da Amurka suna sayar da tsofaffin nasu, su kuma suna shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu da rangwame.

A ganina, wanda aikinsa hoto ne zalla, ba bidiyo ba, ya fara da mai madubi ta hannu, kuma dalilina na farko shi ne batir. Nikon D750, wadda ta fito a 2014, tana iya ɗaukar hoto kusan 1,200 da caji guda bisa gwajin da kamfanoni ke amfani da shi, Canon 6D ta 2012 kuma tana haura 1,000. Sony a6000, marar madubi da ta fito a 2014, ba ta kaiwa 400, saboda allonta da na'urar ɗaukar haskenta suna cin wuta muddin tana kunne. Duk wanda ya san yadda wutar lantarki take a garuruwanmu, ya kuma san ana fara ɗaurin aure da safe a ƙarasa da walima bayan isha'i, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dalili na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika sararin Kebbi da hazo, kuma a yawancin marasa madubi, da zarar an kwance lens, wato gilashin gaban kyamara, na'urar ɗaukar haske tana nan a buɗe tana kallon iska. A mai madubi kuwa, madubin da labulen da ke bayansa, wanda ke buɗewa lokacin ɗaukar hoto, suna tsaye a gabanta. Hakan bai hana ƙura shiga gaba ɗaya ba, amma yana rage ta, kuma wanda ya taɓa zama yana goge ɗigo iri ɗaya daga farar babbar rigar ango a hotuna ɗari ya san darajar wannan ragin.

Sai dai idan masu biki a unguwarku sun fi neman bidiyo, magana ta canja. Sony A7 III ta 2018 tana ɗaukar bidiyo mai ingancin 4K, tana bin fuskar mutum da kanta ko yana motsi, batirinta kuma yana kai hoto 600 zuwa 700. Bidiyon D750 da 6D bai wuce ingancin 1080 ba, wanda bai kai 4K ba, kuma sukan yi jinkirin daidaita hoto a bidiyo. Canon 80D ta 2016 ce tsaka-tsaki, domin mai madubi ce amma tana bin fuska da kyau a bidiyo, kuma farashinta bai kai na A7 III ba.

Akwai wani abu da masu saye ba su cika tambaya ba, wato gurbin katin memori. D750 da A7 III suna da gurbi biyu, ana iya sa su rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, alhali 6D da 80D gurbi ɗaya gare su. Ba a sake ɗaura aure don kati ya lalace, saboda haka ni wannan ya fi mini yawan megafiksel muhimmanci, tunda duk waɗannan kyamarori suna da 20 zuwa 24, wanda ya isa a wanke hoton bango.

Kada a zuba kuɗin duka a jikin kyamarar. Lens mai milimita 50 da buɗewar f/1.8, wato ƙofar shigar haske mai faɗi, yana daga cikin mafi arha a Canon da Nikon, kuma shi ke fitar da fuskar amarya tas a ɗakin da fitila ɗaya ce kawai, bayanta kuma ya yi dishi-dishi. A sani cewa a kyamara mai ƙaramar na'urar haske irin 80D, wannan lens ɗin yana matse fili kamar mai milimita 80, don haka a ƙaramin ɗaki ba zai kwashe ƙawayen amarya duka ba. Mai sha'awar hawan sallah a Gwandu, ko bikin kamun kifi na Argungu inda dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, shi lens mai zuƙowa na 70 zuwa 300 yake bukata, domin daga bakin gaɓa zai tsaya. Haka kuma lens ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa 6D, amma mai alamar EF, wanda ake yi tun 1987, yana hawa 6D da 80D duka, har da sababbin marasa madubi na Canon idan an sa mahaɗi.

Ranar saye, ko a Kano ko a Legas, kada a biya sai an gwada. A nemi sanin adadin hotunan da kyamarar ta ɗauka a rayuwarta, domin labulen D750 an tsara shi ya kai kusan 150,000, na 6D kuma 100,000. A ɗauki hoton farin bango da matsattsiyar buɗewar f/16, a faɗaɗa shi a allo don ganin ɗigon ƙura ko ƙarzuwa. A haska tocilan waya ta cikin lens, idan an ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, a ajiye shi. Daga nan sai a ware abin da zai sayi batir na biyu, filasha ta ɗorawa a sama, katin memori biyu, da ɗan famfon roba na hure ƙura kafin a kammala ciniki.